Maki Ɗaya-Ɗaya: Jifan Kyauta da Kofin Duniya na 1950

A daren 3 ga Nuwamba, 1950, a zauren wasanni na Luna Park da ke birnin Buenos Aires, Ajantina ta doke Amurka da ci 64 da 50, ta ɗauki kofin duniya na ƙwallon kwando. Karo na farko ke nan da aka sa irin wannan kofi tsakanin ƙasashe. Wanda ya ji labarin a yau, abin da zai fara zo masa a rai shi ne dogayen samari suna tashi sama suna danna ƙwallo cikin kwando, ko wani gwani yana harbo ta daga nesa. Ba haka aka yi ba. Kusan rabin makin da Ajantina ta tara a daren nan a tsaye aka ci su, ƙafa biyu a ƙasa, ba mai tare gaba, ba mai ɗaga wa mutum hannu. Jifan kyauta ne, wanda alƙalin wasa ke ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta, kuma kowane ɗaya da ya shiga maki ɗaya ne tak.

A duk fasahohin ƙwallon kwando babu wadda 'yan kallo suka raina kamar wannan. Ba a yi mata ihu, ba a maimaita ta a talabijin, yara ba sa kwaikwayonta a unguwa. Da zarar an busa usur an kai mutum layi, lokacin ne mai kallo ke duba wayarsa. Ni kuwa a wurina nan ne ake sanin ɗan wasa. Ko'ina a fili mutum yana da abin fakewa: abokin wasa bai ba shi fasin mai kyau ba, mai tsaronsa ya fi shi tsawo, an ture shi alƙali bai gani ba. A kan layin jifan kyauta babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tazarar ɗaya ce a Buenos Aires da Alƙahira da Kano, tsayin kwandon ɗaya ne, ƙwallon ɗaya ce. Abin da ya rage wa mutum shi ne aikin da ya yi a ranakun da ba wanda ke kallonsa.

Kafin 1950 ƙasashe sun riga sun saba karawa a wannan wasa, amma ko dai a gasar nahiya ko a Olamfik. A Geneva aka kafa hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, a 1932, ƙasashe takwas suka kafa ta, bakwai daga Turai, ta takwas ɗin Ajantina. A taron da hukumar ta yi a Landan a 1948 aka amince a ƙirƙiro gasar duniya mai zaman kanta, kuma sakataren hukumar, William Jones, shi ya fi kowa tsayawa a kan maganar. Turai a lokacin ba ta gama farfaɗowa daga yaƙin duniya na biyu ba. Ajantina kuwa yaƙin bai taɓa ƙasarta ba, tana da hali, shugabanta Juan Perón kuma mutum ne da ya san amfanin wasanni a siyasa. Sai aka ba ta. Ƙasashe goma suka hallara daga 22 ga Oktoba: mai masaukin baƙi, Amurka, Birazil, Chile, Peru, Ekwador, Faransa, Sifaniya, Yugoslabiya da Masar. Masar ita kaɗai ce daga Afirka, kuma a matsayin zakarar Turai ta zo, domin a 1949 an yi gasar Turai a Alƙahira ta lashe. A Buenos Aires ta ƙare ta biyar. Siyasa ma ba ta ƙyale gasar ba, don 'yan wasan Yugoslabiya sun ƙi karawa da Sifaniya saboda ƙyamar mulkin Janar Franco.

Sai mutum ya san yadda ake wasan a wancan zamani kafin ya gane nauyin maki ɗaya. Babu layin maki uku, sai a 1984 FIBA ta shigo da shi. Babu agogon da ke tilasta wa ƙungiya ta jefa ƙwallo cikin 'yan daƙiƙu, sai a 1956 aka sa na daƙiƙa 30 a wasannin ƙasa da ƙasa. Ƙungiyar da ke gaba tana iya riƙe ƙwallo ta yi ta zagayawa da ita daga wannan hannu zuwa wancan har ran abokan karawa ya ɓaci. Shi ya sa maki ba ya yawa. Wasan ƙarshe na Olamfik a Berlin a 1936, wanda aka yi a waje cikin ruwan sama da taɓo, 19 da 8 aka tashi tsakanin Amurka da Kanada. A Buenos Aires ɗin ma da ƙyar Amurka ta sha a hannun Masar, 34 da 32, Ajantina da Birazil kuma 40 da 35. A irin wannan wasa, wanda ya ɓarar da jifan kyauta uku ya ɓarar da komai.

Matsalar Ajantina tsawo ne. Babban ɗan wasanta, Oscar Furlong, wanda shi ke tsayawa kusa da kwando, tsayinsa bai kai mita 1.90 ba, alhali tun a lokacin Amurkawa suna da masu mita biyu da ɗoriya. Amma shekara biyu kafin nan, a Olamfik na Landan, Ajantina ta ga abin da ya ba ta ƙarfin gwiwa. Ta kara da Amurka, wadda daga baya ta ɗauki zinare, aka tashi 59 da 57. Maki biyu, wato jifan kyauta biyu. Ta 15 ta ƙare a waccan gasa, amma yaran sun koma gida da sanin cewa Amurkawan nan ba aljanu ba ne.

Kocin ƙungiyar a 1950, Jorge Canavesi, malamin motsa jiki ne ɗan shekara 30. Shi da mataimakinsa Casimiro González Trilla suka tattara 'yan wasan a harabar kulob ɗin River Plate, suka killace su makonni da dama kafin gasar. Babu wanda ƙwallo ce sana'arsa a cikinsu. Ɗalibai ne da ma'aikata da suka ajiye harkokinsu suka amsa kiran ƙasa. Lissafin Canavesi mai sauƙi ne. Tsawo ba a koyar da shi. Abin da ake iya koyarwa shi ne gudu, da dogon numfashi, da fasin mai sauri, da daidaiton hannu. Sai ya ɗora su a kan horo mai tsanani fiye da abin da aka saba gani a lokacin, ya kuma mai da jifan kyauta aikin kullum, ana jefawa ana ƙirgawa, kowa ya san inda ya tsaya jiya da inda ya kai yau. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ƙirgar nan ba ƙaramin abu ba ce, domin ɗan wasa ba ya tuna wanda ya ɓarar, na shigar kawai yake tunawa. Tambayi kowane yaro a fili, zai ce maka hannunsa ba laifi. Takarda da biro ne kaɗai ke gaya masa gaskiya.

To mene ne a cikin jifan da har sai an yi masa wannan hidima? Bakin kwando yana mita 3.05 daga ƙasa. Layin da mai jifa ke tsayawa yana da tazarar mita 4.6 daga allon da kwandon ke manne a jikinsa. Faɗin zoben santimita 45 ne, kaurin ƙwallon kuma wajen santimita 24. Da za a sako ƙwallo daga sama a tsaye, saura kaɗan guda biyu su wuce tare. Kwandon ya fi faɗi nesa ba kusa ba da yadda ido ke nunawa. Amma mai jifa ba daga sama yake ba, daga gefe yake, kuma daga gefe bakin zoben tsukewa yake yi. Gwargwadon yadda ƙwallo ta zo a kwance, gwargwadon yadda ƙofarta ke ƙanƙancewa. Idan ta sauko a kan digiri 45, ƙofar da ta rage mata wajen santimita 32 ce, akwai rarar santimita takwas da za ta haɗiye ƙaramin kuskure. Idan ta zo a kan digiri 32, ƙofar ta zama daidai kaurin ƙwallon, babu rarar ko silin gashi. Ƙasa da haka kuwa dole ta daki ƙarfe. Shi ya sa duk mai koyar da jifa maganarsa ta farko ita ce, ɗaga ta. Sai dai ita ma ɗagawar tana da iyaka. Ƙwallon da aka cilla sama da yawa tana cin ƙarfi, tana kuma saukowa da gudu, kuma inda ƙarfi ya yi yawa nan hannu ke rasa ma'auni. Gwanintar tana tsakanin biyun nan, kowa kuma sai ya nemo tashin da ya dace da tsayinsa, ba ya ara daga wani ba.

A matsa kusa da gwani a kalle shi. Yana isowa layi, ƙafar da ke ɓangaren hannun jifansa ce ke fara neman wurinta, saitin tsakiyar kwando, ɗayar ta ɗan ja baya. Ya karɓi ƙwallo daga hannun alƙali, ya buga ta da ƙasa sau biyu ko uku, adadin da ya saba, ba ƙari ba ragi. Ya juya ta har yatsunsa su sami tsagin da ke jikinta. Ba a tafin hannu take zama ba, a kan yatsu take, har ana iya hango ɗan haske tsakanin tafin da fatar ƙwallon. Ɗayan hannun yana gefe, tallafi ne kawai aikinsa, ba ya turawa. Gwiwar hannu tana ƙarƙashin ƙwallon, ba ta buɗe waje ba. Sai ya saki numfashi, ya ɗan rusuna. Daga nan komai motsi ɗaya ne: gwiwoyi su miƙe, ƙarfin ya hau ta ƙugu da kafaɗa, hannu ya tafi sama, wuyan hannu ya lanƙwashe gaba, manuniya da yatsan tsakiya su zama na ƙarshe da suka rabu da ita. Hannun ya tsaya a sama, yatsu suna kallon ƙasa, har sai ta shiga.

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka damtse ne ke jifan. Ƙafa ce. Hannu saiti kawai yake yi. Mai jifa da ƙarfin damtse zai iya dacewa a minti na biyar, amma a minti na 38, bayan damtsen ya sha dambe a ƙarƙashin kwando, sai ƙwallon ta riƙa faɗuwa a gaban zobe. Akwai kuma abin da yatsun nan biyu na ƙarshe ke yi, suna sa ƙwallon ta tafi tana juyawa da baya. Mai juyawa da baya idan ta taɓa ƙarfe ko allo gudunta mutuwa yake yi, sai ta ɗan yi rawa a bakin zobe ta faɗa ciki. Wadda ba ta juyawa tana dukan ƙarfe take tsalle ta dawo. 'Yan kallo sukan ce wancan ya yi sa'a, alhali aikin yatsu ne. Koci mai ido ma ba ya buƙatar ya kalli ɗan wasa kafin ya san ciwonsa, inda ƙwallon ta faɗa ya ishe shi. In ta karkata dama ko hagu, gwiwar hannu ce ta buɗe, ko hannun tallafi ya sa baki a abin da ba nasa ba. In ta gaza, ƙafa ce ta yi lalaci. In ta zarce ta daki bayan zobe da ƙarfi, mutumin gaggawa yake ya rabu da ita don tsoro.

A zamanin su Furlong ba kowa ke jifa da hannu ɗaya irin na yau ba. Da yawa da hannu biyu suke jefawa daga ƙirji, wasu kuma daga ƙasa: mutum ya buɗe ƙafa, ya riƙe ƙwallo da hannu biyu, ya sauke ta tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗago ya saki. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin ginin ƙasa ya ga yaron magini yana cilla wa maigidansa tubali a kan katanga ya san wannan motsi. Hannu biyu daga ƙasa, ba garaje, tubalin ya tashi ya isa hannun magini daidai inda gudunsa ya ƙare, ba ya fashewa ba ya jin wa kowa ciwo. Hannaye biyu da ke tafiya tare ba sa karkata da sauƙi, gaɓoɓin da ke motsi kaɗan ne, saboda haka ƙofofin kuskure ma kaɗan ne. Rick Barry ya riƙe wannan salo a gasar NBA ta Amurka har ya yi ritaya a 1980, kuma a cikin jifa goma tara nasa shiga suke yi. Wilt Chamberlain, wanda a tsawon shekarunsa na wasa da ƙyar rabin jifansa na kyauta ke shiga, a daren da ya ci maki 100 shi kaɗai a 1962 daga ƙasa yake jefawa, ya ci 28 cikin 32. Daga baya ya watsar da salon don yana jin kunyar a ga ƙato kamarsa yana jifa haka. Abin yana ba ni takaici. Salo ne mai aiki, kuma ba gazawa ce ta kashe shi ba, kunyar idon jama'a ce.

A farkon tarihin wasan ƙungiya tana iya ware mutum ɗaya mai daidaiton hannu ya riƙa jefa mata duk jifan kyautar da ta samu. A shekarun 1920 aka soke wannan a Amurka, aka ce wanda aka yi wa ƙetar shi zai jefa. Tun daga nan ba wanda ya tsira. Dogo da gajere, kowa sai ya iya, in ba haka ba abokan karawa su gano shi su riƙa yi masa ƙeta da gangan, kamar yadda aka yi ta yi wa Shaquille O'Neal shekaru da yawa bayan haka. Ga ƙungiyar gajeru kuwa asarar ninki biyu ce. In ka ɓarar, ka rasa maki, ƙwallon kuma ta dawo daga zobe ta faɗa hannun dogayen da ke jere suna jiranta. Don haka bai wadatar a ce Furlong ya iya ba. Duk 'yan wasan ƙungiyar sai sun iya.

Ga kuma zuciya. A tsakiyar wasa jiki ne ke aiki, tunani ba ya samun sarari: ƙwallo ta zo, ka gani, ka jefa. A kan layi kuwa an ba ka lokaci, kuma lokacin nan ne ke cin mutane. Ƙirji yana bugawa saboda gudun da ka gama yi yanzun nan, gumi yana shiga ido, dubban mutane suna kallonka kai kaɗai, ranka kuma ya fara lissafin abin da zai biyo baya in ka ɓarar. Dokar FIBA a yau daƙiƙa biyar ta ba mai jifa. Cikin daƙiƙa biyar ɗin nan sai ya kwantar da numfashi, ya kori tunani, ya bar hannu ya yi abin da ya saba. Amfanin 'yan ɗabi'un nan ke nan, buga ƙwallo sau uku, goge tafi a jikin wando, jan numfashi. Ba camfi ba ne. Hanya ce ta gaya wa jiki cewa wannan jifan da na jiya a filin atisaye duk ɗaya ne. Shi ya sa masu horarwa na ƙwarai ba sa barin yara su yi jifan kyauta da hutaccen jiki kawai; sai an yi gudu an galabaita sannan a ce, je ka layi.

Masu bin NBA za su tuna Giannis Antetokounmpo, ɗan ƙasar Girka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, a 2021. Yana daɗewa a kan layi, magoya bayan abokan hamayya suka gano, suka riƙa ƙirga masa daƙiƙu da babbar murya, wani lokaci ya jefa ko ƙarfe ba ta taɓa ba. Duk da haka bai daina kutsawa ƙarƙashin kwando ba, bai guje wa layin ba. A wasa na shida na zagayen ƙarshe da Phoenix Suns ya yi jifan kyauta 19, guda 17 suka shiga, cikin maki 50 da ya tara, Milwaukee Bucks ta ɗauki kofi. Ina so yaranmu da ke yini a fili suna harbi daga layin maki uku su riƙa tuna wannan dare, domin jifan kyauta ba ya neman komai sai kwando ɗaya, ƙwallo ɗaya, da abokin da zai ƙirga maka tsakani da Allah.

Tsarin gasar 1950 bai tanadi wasan ƙarshe ba. Ƙasashe shida da suka kai zagaye na ƙarshe kowace za ta kara da kowace. Sai Allah ya sa Ajantina da Amurka suka iso ranar rufewa ba wadda aka doke, kuma su biyun ne za su haɗu. Ajantina ta riga ta lallasa Chile 62 da 41, Faransa 66 da 41, Masar 68 da 33. Amurka kuwa ba zaɓaɓɓun ƙasa ta turo ba, ƙungiya guda ce daga birnin Denver mai suna Denver Chevrolets, domin ƙwararrun NBA ba su da izinin shiga gasar FIBA a lokacin, kuma haka aka ci gaba har 1989. Adalci ne a faɗi wannan. Amma su ma ba kanwar lasa ba ne. Daga irin waɗannan ƙungiyoyi da kamfanoni ke ɗaukar nauyi Amurka take ɗebo 'yan wasan Olamfik a shekarun nan, kuma sun doke duk wanda suka haɗu da shi kafin daren.

Jifan kyauta ba ya faɗowa daga sama, sai an nemo shi, kuma da ƙafa Ajantina ta nemo nata. Da zarar ƙwallo ta shiga hannunsu ba jira, fasin ɗaya ko biyu an kai ta ɗaya ɓangaren kafin dogayen su juyo. Mai tsaron da ya iso wurinsa da wuri da ƙafa yake tsaro, ya tsaya a gabanka ya tare hanya. Wanda ya makara ba shi da abin yi sai ya miƙa hannu, ya riƙe riga, ya daki damtse, ya bangaje, sai a ji usur. Idan gudun bai samu ba sai a kai wa Furlong, wanda ya iya karɓar ƙwallo ya ba kwando baya, ya jira abokansa irin su kyaftin Ricardo González da Roberto Viau su gifta ta gefensa, ya miƙa wa wanda ya kuɓuce. An tafi hutun rabin lokaci Ajantina na gaba da 34 da 24. Daga nan lissafin wancan zamani ya fara aiki. Wanda ke baya dole ya ƙwato ƙwallo, babu agogon da zai ƙwato masa, sai ya matsa. In ya matsa ya yi ƙeta. In ya yi ƙeta a je layi. Amurkawa sun yunƙuro bayan hutu sun rage tazarar, amma laifuffuka suka yi musu yawa har aka riƙa fitar da 'yan wasansu ɗaya bayan ɗaya. Furlong ya ƙare da maki 20, Hugo Del Vecchio da 14.

Wani zai ce ai alƙalai ne suka yi wa masu gida alfarma, a gaban mutum wajen 20,000 masu ihu usur ba ya yin adalci. Duk inda mai gida ya ci kofi ba a rasa mai wannan magana. Amma ko an yarda da ita ba ta gama bayani ba. Alƙali iyakarsa ya kai ka layi, ba zai jefa maka ba. Ƙungiyar da hannunta ke rawa, ko an ba ta ninkin wannan dama zubar da ita za ta yi. Kuma ihun mutum 20,000 ba sauƙi ba ne ga ɗan gida, kaya ne a kafaɗarsa. Baƙon da ya ɓarar zai hau jirgi ya tafi abinsa, ɗan gida kuwa gobe da safe sai ya haɗa ido da maƙwabta. A ƙarƙashin wannan nauyi yaran Canavesi suka yi ta zuwa layi suna zurawa, ɗaya bayan ɗaya, har tazarar ta kai 14.

Da aka busa tashi jama'a suka fito daga Luna Park suka cika titin Corrientes, suka naɗe jaridu suka kunna musu wuta suna ɗagawa sama, kuma har yau da wannan wutar 'yan Ajantina ke tuna daren. An zaɓi Furlong gwarzon ɗan wasan gasar. Chile ta zo ta uku, Birazil ta huɗu. Ƙungiyar ta kuma nuna cewa ba sa'ar gida ba ce: ta zo ta huɗu a Olamfik na Helsinki a 1952, ta sake doke Amurka a wasannin nahiyar Amurka da aka yi a Meziko a 1955, a wannan karon da tazarar maki ɗaya.

Abin da ya biyo baya abin baƙin ciki ne. Tukuicin da gwamnatin Perón ta ba zakarun shi ne takardar izinin shigo da mota daga waje. A 1955 sojoji suka hamɓarar da Perón, sababbin masu mulki suka shiga farautar duk abin da ke da ƙanshinsa. Aka ce wanda ya karɓi takardar mota ya karɓi lada, wanda ya karɓi lada kuma ya karya dokar da ta hana a biya ɗan wasa. A farkon 1957 aka haramta wa 'yan wasa sama da 30 buga ƙwallon kwando har abada, ciki har da mutanen 1950. Furlong a lokacin shekararsa 29. Sai bayan wajen shekara goma aka janye hukuncin, ƙafafu sun riga sun yi nauyi. Shi Furlong tanis ya koma, har ya zama kyaftin ɗin Ajantina a gasar kofin Davis.

Asarar ba a kansu kaɗai ta tsaya ba. Fasaha irin ta jifa ba a littafi take zama ba, a fili ake gadonta: yaro ya tsaya kusa da babba ya ga inda yake ajiye ƙafa, babba ya kama masa gwiwar hannu ya mayar da ita ciki. Da aka kori tsara guda daga fili sai yaran da ke tasowa suka rasa na kallo. Ajantina ta yi kusan rabin ƙarni kafin ta sake shiga sahun gaba. A 2002 a Indianapolis su Manu Ginóbili suka zama na farko da suka doke tawagar Amurka mai ɗauke da 'yan NBA, a 2004 kuma suka ɗauki zinaren Olamfik a Athens. FIBA ta sa Furlong cikin jerin gwarazanta a 2007, Ricardo González a 2009, Canavesi a 2016, shekarar da ya rasu. Ajantina ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya a 2002 da 2019, duka biyun aka doke ta, na farko a hannun Yugoslabiya, na biyu a hannun Sifaniya.